Shinge ba ya tsirar da ciyawa

Wani abokina da ke karatu a Amurka ya turo mini hoton ƙunshin nama daga kantin da yake cefane. An manna masa takarda cewa wannan sa ciyawa kaɗai ya ci tun daga yaye har yanka, kuma kuɗinsa ya ɗara na naman da ke gefensa. Na yi dariya ni kaɗai. Ashe abin da muke cin tsirensa a bakin tasha a Dukku, ko tambaya ba ma yi, a can sai mai hali.

Dalilin a fili yake. Yawancin shanun yankansu a manyan garake ake ƙarasa su da masara, su kai wuƙa kafin su cika shekara biyu. Bunajinmu da Rahajinmu kuwa da ƙafarsu suke neman abinci, sai sa ya yi shekara huɗu ko fiye kafin dillali ya kalle shi da mutunci. To amma dariyar tawa ba ta yi nisa ba, domin na tuna watan Maris.

Duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san saniyar bazara. Haƙarƙarinta kana iya ƙirgawa daga nesa, tozon ya kwanta, idan ta durƙusa sai an kama wutsiya an tayar da ita. Bara na tsaya a mahauta da sassafe, mahauci ya farke tumbin wata saniya a gabana, ya zaro wani dunƙulen leda baƙa da ya murɗe kamar igiya, ya kai girman tulu. Ya jefar gefe ya ci gaba da fiɗa, ko a jikinsa, alamar ya saba. Wannan ma ai "mai cin ciyawa" ce a takarda. Ciyawar ce babu, ta koma bola.

Ra'ayina a nan shi ne, mun shekara muna gardama kan inda saniya za ta tsaya, ba mu taɓa zama kan abin da za ta ci ba. Tun 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar gandun kiwo. A 2019 aka zo da maganar Ruga, wato keɓe wa makiyaya matsugunai, aka yi ta cacar baki har aka dakatar da ita, aka koma shirin zamanantar da kiwo na ƙasa. A 2024 aka kafa ma'aikatar kiwo sukutum a Abuja. Mu a Gombe muna da gandun Wawa-Zange a yankin Dukku da Funakaye, kimanin hekta 144,000, fili ne da mota ma sai ta gaji. Duk ban raina ba. Amma kowane taro aka yi, maganar shinge da gine-gine ake yi. Ka killace shanu ɗari a filin da ruwan sama ke ɗaukewa a Oktoba, bai dawowa sosai sai Yuni, ba ka tanadi harawa ba, ba ka haƙa mashaya ba, kurkuku ka gina musu. Ranar da yunwa ta kai musu karo, makiyayin da kansa zai yanke wayar.

Ƙasashen da suka yi suna da naman ciyawa, irin su Ajantina da Niyu Zilan, ciyawar suke nomawa. Suna raba fili gida-gida, shanu su ci wannan yanki kwanaki kaɗan a mayar da su gaba, na baya ya huta ya sake tofo. Abin da ya yi saura a yanke shi tun yana ɗanye a adana. Babu wani sihiri a ciki. Hasali ma Bafulatanin da ke tashi daga mashekari zuwa mashekari abin da yake yi ke nan tun kaka da kakanni, sai dai shi da faɗin daji yake yi, dajin kuma yanzu ya zama gonaki.

Muna da gamba, muna da kyasuwa. Gamba saiwarta ba ta mutuwa da rani, ruwan farko na sauka za ta tofo, amma mu zana kawai muka san mu yi da ita, bayan ta tsufa ta zama itace, lokacin da saniya ba ta samun komai a cikinta. Ragowar kuma yara masu farautar gafiya su cinna mata wuta a Disamba. Abincin garke guda na wata uku ya tashi a hayaƙi saboda gafiya biyu, kuma babu mai kai ƙara wurin mai unguwa, don a idonmu ciyawa ba dukiya ba ce. Ga gawo, itacen da ke yin ganye da rani ya zubar da 'ya'ya daidai lokacin da dabba ta fi buƙata, shi ma masu gawayi sun sa shi a gaba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zumuncin da ya tafi tare da ciyawar. Ina yaro, da an gama girbi Baffana zai aika wa wani Arɗo da goro. Bayan kwana biyu sai ka ji kukan shanu a gonarmu ta bayan gari. Su ci karmami da kara, su kwana a wurin sati biyu ko uku, a riƙa matsar da turakun don takin ya game gonar. Ran tashi Baffa ya ba da damin gero, su gaisa.

"Arɗo, Allah ya kai mu baɗi."

"Amin, Malam. Gonar gabas ce baɗi, na ga ta gaji."

Ya san gonarmu kamar yadda ya san shanunsa. Matansa kuma kullum da hantsi suna tsakar gidanmu da ƙwarya, Inna ta auna musu gero su zuba mata kindirmo da curin man shanu. Idan saniya ta yi ɓarna, mutanen da suka ci abinci a kwano ɗaya ne za su zauna su yi kiyasi.

Takin zamani ya shigo, manomi ya ga ba ya buƙatar garke. Kara da harawa suka zama kuɗi, ana kwashe su a ɗora a kan rumfa tun kafin shanu su iso. Burtali aka riƙa gutsurarsa kunya ɗaya-ɗaya har ya zama ko amalanke ba ta wucewa. Ba na wanke makiyayi, akwai masu sakin shanu cikin dare a gonar wake da gangan, kuma na ga dattijon da ya yi kuka a bakin gonarsa. Amma mu ma manoma mu faɗi gaskiya, wa ya shuka masara a kan labi? Yau buhun taki ya gagari talaka, ƙasa ta mutu, kashin shanun da a da ake kawo mana har gona yanzu a buhu muke saye.

Kuɗin da za a kashe a kan shinge, da za a ji tawa, a raba irin gamba, a koya wa matasa yankan ciyawa a Satumba tun tana kore, a gina rumbun ajiyarta a kowace gunduma, a sa tara mai zafi a kan ƙona daji. Saurayin da ke tafiya Legas acaba da rani zai iya zama mai sayar da ciyawa a garinsu, tunda a kasuwa ya ga yadda ake rububin harawa gab da Babbar Sallah.

Na fara da gida. Na ce wa ƙanena bana ya bar mini kadada ɗaya a gonar gabas, mu shuka gamba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, mutane za su ce mun haukace, muna noman ciyawa. Kuma wa zai tsare ta daga wuta?" Na ce masa ya share gefenta da faɗi kamar yadda ake yi wa rumbu, sauran kuma zan je in ga mai unguwa da kaina ran Juma'a.