Waken da babu huji ko ɗaya a jikinsa da damina, a tambayi abin da aka sa masa

Duk lokacin da aka tayar da zancen kayan jabu da masu guba, hankalinmu kan tafi kan maganin zazzaɓi na bogi ko lemon kwalba da ya wuce wa'adi. Waɗannan matsaloli ne, babu musu. Amma a nan Kebbi, gubar da ta fi kusa da tukunyarmu tana cikin siton hatsi, kuma da hannunmu muke zuba ta.

Ƙwaron wake tun daga gona yake yin ƙwai a jikin kwanson. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda ƙwayar ta shige ciki, ta ci ta girma a can, cikin mako uku zuwa huɗu ta fito cikakken ƙwaro ta sake yin wasu ƙwan. Wanda ya yayyafa fiya-fiya a kan buhu ya kashe na waje ne, na cikin ƙwaya suna nan lafiya. Bayan wata guda ya ga sun sake fitowa, sai ya sake feshi. Dillalin da ya saya a hannunsa bai san an yi ba, shi ma ya yi nasa. Mai awo a kasuwa ta ƙara nata don kada a ga ƙwaro yana yawo a bakin mudu. Wake ɗaya, feshi uku ko huɗu, kuma babu wanda ya gaya wa na gaba da shi.

Wannan fiya-fiyar, da Sniper da danginsu, sinadari ɗaya ne. Duba jikin kwalbar za ka ga an rubuta DDVP ko dichlorvos. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin rukunin masu tsananin haɗari, kuma ba a yi shi don a zuba kai tsaye a kan abin da za a ci ba. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ne a kowane kilo, an kuma samu namu da ya kai 4.6. Waken da aka ce bai dace da cikin Bature ba bai ɓace ba, mu muka ci gaba da yin ƙosai da alala da shi. A 2019 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta hana baza wannan magani a kasuwanni da kantuna, musamman ƙananan kwalabe, amma kowa ya san har gobe ana ɗura shi a gorar ruwa ana sayarwa ba suna ba takarda.

Jabun maganin ƙwari shi ne ya ƙara dagula lamarin, kuma mutane ba su cika lura da yadda abin yake ba. Mai algus yakan tsinka maganin da kananzir ko ruwa, ko ya goge kwanan wata a kan wanda ya lalace ya buga sabo. Manomi ya saya, ya auna murfi ɗaya kamar yadda aka ce, bai ga aiki ba. Gobe ya sa biyu, jibi uku, har uku ta zama ma'auninsa. Ranar da Allah ya haɗa shi da na ainihi, murfi ukun nan zai zuba. Ka ga jabu ya cuce shi sau biyu: ya cinye masa kuɗi, ya kuma koya masa awon da zai iya hallaka iyalinsa.

Kafin ka biya kuɗin kowace kwalba, ka ga lambar rajistar NAFDAC, da lambar zubin kamfani, da ranar haɗawa da ranar ƙarewar aiki, a buge ba a rubuce da biro ko a manne da wata takarda a kai ba. Murfin ya kasance da hatiminsa. A ƙasan takardar akwai zanen launi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Kwalbar da bayaninta duk da Faransanci yake, irin waɗanda ke shigowa ta wajen Kamba da Tsamiya, ko da na ƙwarai ne, ba a yi masa rajista don kasuwarmu ba, kuma in ya yi ɓarna ba ka da wanda za ka kama. Ka karɓi rasit. Mai shagon da ya ƙi rubuta rasit ya riga ya gaya maka abin da yake sayarwa.

Sai ƙwayar maganin ƙwarin hatsi da ake kira bom. Wannan haɗarinta daban ne. Kowace ƙwaya mai giram 3 tana sakin giram 1 na iskar guba da zarar ta ji laima. In an bi ƙa'ida ba ta barin wani abu mai yawa a jikin hatsi, wanda take kashewa shi ne mai shaƙa. Ana lissafa ta ne da tan, ƙwayoyi ƙalilan ga buhu goma, a naɗe cikin ƙyalle ko takarda don tokarta kada ta gauraya da hatsi, a wurin da iska ba ta fita, a rufe kamar mako guda, sannan a buɗe a sha iska, a binne tokar. Abin da ake yi kuwa, a jefa ɗaya ko biyu tsirara cikin kowane buhu, a jingine buhunan a ɗakin da yara ke kwana ko ɗakin da ke jikinsa. Buhun saƙa ba ya riƙe iska. Gubar ta fice ta cika ɗaki, ƙwarin ba su mutu duka ba, mutane su shaƙa. Kuma ita ba ta da makari a asibiti.

Abin haushin shi ne akwai hanyar da ba ta buƙatar ko ɗigon magani. Buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ƙwaro na numfashi, in ya cinye iskar da ke ciki ya mutu, shi da tsutsar da ke cikin ƙwaya. Inda ake kuskure sanannu ne. Na farko ɗanyen wake: a shanya shi ya bushe ƙarau, a gwada da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to da saura. Na biyu huji: a cika kowace leda da iska a matsa kafin a zuba komai, mai yoyo a ajiye ta gefe. Na uku ɗauri: a matse iskar, a murɗa bakin leda ta farko a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Ba a haɗa su ɗauri ɗaya. A ɗora a kan katako, nesa da bango saboda ɓera, kada a riƙa buɗewa ana ɗiba, in so samu ne ya yi wata biyu a rufe. Shi ma an fara yin jabunsa da leda shara-shara, a taɓa kauri kafin a saya. Jarka ko duro mai murfi da ke toshewa sosai suna yin aiki iri ɗaya, muddin an cika su har baki.

Masu busasshen kifi a yankin Yauri su ma wasunsu na yin wannan feshin saboda tsutsa. Gishiri da sake banda sun wadatar. Kifin da ƙuda ke kewaya teburin maƙwabta amma ba ya sauka a kansa abin tambaya ne.

Ga mai saye, shinshina kafin awo. Warin kananzir, ko maiƙo a tafin hannu, ko toka-toka a gindin buhu, a bar shi. Jiƙawa, da cire ɓawo, da zubar da ruwan tafasar farko suna rage abin, ba sa kawar da shi duka. Shi ya sa ban yarda da masu ɗora wa uwar gida nauyin gane guba da hancinta ba. Wannan aikin shugabannin kasuwa ne da ƙungiyoyin 'yan hatsi, domin su ne suka san siton da ake feshi da dare. Hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, a kan tarin abinci aka faɗe shi, lokacin da ya sa hannu ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa. Sarkin kasuwa a Jega ko Zuru zai iya kafa doka cewa duk wanda aka kama yana feshi a kan hatsi ya bar rumfarsa. Malaman gona na KARDA, hukumar bunƙasa noma ta Kebbi, da 'yan duba-gari su riƙa zagayen sito da kaka, lokacin da ake ajiya, ba da damina ba bayan an gama ɓarna. NAFDAC da FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, kuma a kai musu ƙara, a kai da kwalbar da rasit.

In wani ya ci ko ya shaƙa, alamomin fiya-fiya su ne dalalar miyau, gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. A fitar da shi iska, a cire tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jiki da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da ƙarfi, domin yana iya shaƙewa abin ya gangara huhu. A garzaya asibiti mafi kusa tare da kwalbar ko ragowar abincin, don likita ya san wace allura zai yi.