Bangon Wuta a Ɗakin Alhaji

Saura minti arba'in a take ƙwallo. Alhaji ya jawo kujera gaban kwamfuta, ya gyara zaman tabarau, allo kuwa baƙi ƙirin, sai wani ɗan rubutu a tsakiya mai cewa ba a ga na'urar kama tashoshi ba. Na'urar ana ce mata tuna. Ɗan akwati ne da bai kai faɗin littafi ba, wayar eriya ta shige shi ta nan, wata wayar ta fita ta can zuwa rauta, akwatin da ke haɗa na'urorin gida da juna da kuma intanet. Jiya lafiya lau ta yi aiki. Ana cikin haka sai ga Malam Sani-Duka, maƙwabcin da tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba", ya yi sallama ba tare da an aika masa ba.

ALHAJI: Yauwa Malam, gara da Allah ya kawo ka. Tuna ta ƙi.

MALAM: Me ka manta?

ALHAJI: Ban manta komai ba. Tuna nake ce maka.

MALAM: To ai ƙoƙarin tunawar nake yi, Alhaji. In dai batun ɗan rancen nan ne, wallahi yana raina...

ALHAJI: Wannan akwatin! Shi ne tuna. Amma tunda ka tuna da rancen, za mu dawo kansa.

MALAM: Au, tuna! Ai na sani, gwada ka nake yi. Matsa in gani.

Ya zare wayar eriya, ya hura mata iska sau uku, ya mayar. Ya ɗaga akwatin ya kara a kunne kamar mai sauraron agogo.

MALAM: Na gano. Direba ne.

ALHAJI: Direba ya tafi hutu tun shekaranjiya. Me ya haɗa shi da kwamfutata?

MALAM: To ka gani! Tun da ya tafi ta taɓa yin aiki?

ALHAJI: Ta yi jiya.

MALAM: Da sauran ƙarfinsa ta yi.

Sai wani ɗan saƙo ya leƙo daga kusurwar allo. Malam ya kai fuska har hancinsa na taɓa gilashi, ya karanta da leɓe, sannan ya ja da baya a hankali.

MALAM: Alhaji, kada hankalinka ya tashi. Fayawol ce. Ma'anarta da Hausa, bangon wuta.

ALHAJI: Wuta? A cikin kwamfutar? Hajiya! Hajiya, kawo ruwa!

HAJIYA: Na sha ko na wanka?

ALHAJI: Na kashe gobara!

Hajiya ta shigo da bokiti rabi, Auta na biye da ita da waya a hannu. Ta dubi kwamfuta, ta dubi maza biyun, ta ajiye bokitin.

HAJIYA: Ni dai hayaƙin da nake gani daga kan Malam yake fitowa.

AUTA: Baba, kada ku zuba! Ba wuta a ciki. Daga wajen magina aka aro sunan, bangon da ake yi tsakanin sashe da sashe don kada gobara ta tsallaka. A kwamfuta kuma maigadi ne. Duk abin da zai shigo ko zai fita ta waya sai ya tsaya a gabansa.

MALAM: Abin da na faɗa ke nan.

HAJIYA: Da ka bari an sheƙa ruwan sai mu ga abin da ka faɗa.

AUTA: Bari mu fara tabbatar da tunar na da rai.

Ya duba jerin na'urorin da ke kan rauta, ya buɗe birawuza, manhajar shiga shafukan intanet, ya rubuta adireshin tunar, wasu lambobi masu farawa da 192.168. Shafi ya buɗe, ga sunan akwatin, ga jerin tashoshi reras.

AUTA: Kun gani, Baba? Tana nan garau. Eriya lafiya, waya lafiya. Direba kuma, Baba Malam, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, irin tunar da ake sokawa a ramin USB ce ke yawan wannan rigimar. Tamu HDHomeRun ce, ta rauta take magana. Birawuza ta same ta, manhajar kallo ce kaɗai ba ta same ta ba. Ashe wani ne ya tare hanya.

MALAM: Magana ta ƙare. A tumɓuke fayawol ɗin gaba ɗaya. Ni haka nake yi.

HAJIYA: Don maigadi ya hana baƙo ɗaya shiga, sai a cire ƙyauren gida a jingine?

MALAM: Hajiya, wannan harka ce ta ilimi.

HAJIYA: Shi ya sa nake mamakin ganin ka a ciki.

Malam ya fizge linzami, ya yi ta yawo har ya faɗa wajen tsaron Windows, ya danna maɓallin kashewa. Maɓalli ya ƙi motsi. Ya ƙara dannawa da ƙarfi, kamar ƙarfin yatsa ne ya gaza.

AUTA: Ba za ta kasu daga nan ba. Karanta abin da ta rubuta a sama. Cewa ta yi wata manhaja ce ke riƙe da gadin. Windows tana zuwa da maigadinta, amma ranar da Baba ya sa manhajar kashe bairos, ita ma ta zo da nata, na Windows ya miƙa masa sanda ya koma benci.

ALHAJI: Wato masu gadi biyu nake da su ban sani ba?

AUTA: Ɗaya a bakin aiki, ɗaya a zaune. Mutane da yawa na zaunen suke zuwa su yi wa faɗa, su ce sun kashe fayawol amma ba abin da ya canza.

Auta ya buɗe manhajar tsaron, ya dakatar da gadinta. Kafin ka ce kwabo fili kore shar ya cika allo, 'yan wasa na ɗumama jiki.

ALHAJI: Allahu akbar! Ga shi nan! Auta, cire hannunka. Kada wanda ya ƙara taɓa komai. Kada ma wanda ya yi numfashi kusa da ita.

Auta ya mayar da gadin, ya rufe manhajar kallo ya sake buɗewa. Allo ya koma baƙi.

ALHAJI: Kai! Kai! Ɗan nan, ni za ka yi wa haka? Ka nuna mini aljanna ka rufe ƙofa?

AUTA: Gwaji ne, Baba. Yanzu mun san mai laifi. Ana dakatar da shi na minti ɗaya don a gane, ba a barin sa a kashe.

ALHAJI: A bar shi a kashe na minti casa'in! Da hutun rabin lokaci!

HAJIYA: Daga nan ka manta da shi sai baɗi. A kwamfutar nan kake shiga asusunka na banki, ko ba a ita ba?

Alhaji ya yi shiru. Duk mai gardama akwai kalmar da ke kashe masa baki, tasa banki ce.

ALHAJI: To yi sauri. Me tunar ta yi masa da ya tsane ta?

AUTA: Bai tsane ta ba, bai san ta ba ne. Kwamfuta tana da ƙofofi masu lamba, daga 0 har 65535.

ALHAJI: Ƙofa sama da dubu sittin da biyar, mutum ɗaya? Ai dole ya yi zafin rai.

AUTA: In aka buɗe manhajar kallo, sai ta tsaya tsakar gida ta ƙwala kira ta ƙofa mai lamba 65001, "Akwai tuna a gidan nan?" Tunar ta amsa, "Ga ni." Irin wannan saƙon ana ce masa UDP. Shi TCP sai an yi sallama an amsa an gaisa kafin a fara zance, maigadi ya san da zuwansa. UDP kuwa kamar a jefo takarda ta kan katanga ne. Maigadi mai tsauri yana ganin ta sai ya cafke. Manhaja ta yi ta jira ba amsa, sai ta ce ba tuna a gidan.

MALAM: A zamaninmu ba wannan shirmen. Windows Media Center kawai za ka buɗe, hoto ya fito.

AUTA: Ita ma sai an ba ta izini a fayawol in tunar ta rauta ce. Kuma Microsoft ta ajiye ta tun fitowar Windows 10 a 2015.

MALAM: Ai ni na ba su shawarar.

ALHAJI: Tsaya. Jiya wannan maigadin dai shi ne a ƙofa, kuma na yi kallo. Me ya shiga kansa cikin dare?

AUTA: Ga littafinsa nan, yana rubuta duk wanda ya kora. Jiya da dare manhajar tsaro ta sabunta kanta, ta yi tambaya biyu. Wani ya amsa.

ALHAJI: Wane mara kunyar ne?

HAJIYA: Ina zaune a nan ina ninke kaya. Wani akwati ya fito, ka ce, "Waɗannan 'yan talla ba sa gajiya," ka danna jan maɓalli.

ALHAJI: Ja ai alamar haɗari ce. Na kore haɗari.

AUTA: Tambayar ita ce, a bar manhajar kallo ta yi magana ko a toshe ta. Kun toshe ta. Ta biyun ta fi daɗi. Ta tambaya, wannan layin na gida ne ko na jama'a?

ALHAJI: Na jama'a mana! Kowa ya san ni mutum ne na jama'a. Ƙofata a buɗe take.

AUTA: A wajen kwamfuta akasin haka ne, Baba. Na jama'a yana nufin irin layin otal ko filin jirgin sama, inda ba ka san wa ke kusa da kai ba. Da ta ji haka sai ta ƙulle ko'ina, ta ɗauki duk na'urar da ke gidan nan a matsayin baƙuwar fuska. Har firinta.

HAJIYA: Shi ya sa da safe ka zagi firinta har da iyayenta.

ALHAJI: Hajiya, ba ki da aiki a ciki ne?

Sauran aikin bai kai minti uku ba. Auta ya mayar da layin na gida, ya nemo sunan manhajar kallo a jerin waɗanda aka toshe, ya ba ta izinin shiga da fita, amma tsakanin na'urorin gida kaɗai. Malam ya ce a je rauta ma a wangale ƙofar 65001 ɗin don hoto ya ƙara kyau. Auta ya ce waccan ƙofar titi ce, tunar kuwa a cikin gida take, ba ta da abin yi a waje. Ya rufe manhaja, ya buɗe. Fili ya dawo, alƙalin wasa na duba agogo, gadi kuma na nan a kunne.

ALHAJI: Kuma maigadin na tsaye?

AUTA: Yana tsaye. An gabatar masa da ita ne kawai.

ALHAJI: Allah ya yi maka albarka. Malam, zauna mu kalla, in an tafi hutu sai mu yi maganar rancen.

MALAM: A'a, ina da uzuri.

Ya kai bakin ƙofa, ya yafito Auta da hannu, ya rage murya yadda yake zaton ba mai ji.

MALAM: Ɗana, in ka samu sarari ka ɗan leƙo wajena. Wani abokina ne ya kashe tasa fayawol ɗin shekara uku ke nan.

AUTA: Me ya samu kwamfutar?

MALAM: Ba komai. Linzamin ne dai yake yawo shi kaɗai cikin dare, yana buɗe abubuwa.

HAJIYA: Malam, ga bokitin nan, tafi wa abokin naka da shi.