Gabatarwar Da Ba Ta Ɗauki Matsaya Ba, Ɓata Takarda Ce

Masu ƙorafi a kan sakamakon wata gasar insha'i, waɗanda ke cewa wai alƙalai sun yanke wa rubutu hukunci tun daga sakin layi na farko, don Allah ku sauke wa alƙalan laifi. Na karanta rubuce-rubucen da wasunku suka ɗora domin neman a tausaya musu, kuma abin da na tarar shi ne doguwar godiya, sai "tun da aka halicci duniya ɗan Adam yake neman ilimi", sai ma'anar da aka kwafo daga ƙamus. Madalla! Ashe da ba ku faɗa ba, da har yanzu muna cikin duhu.

Aikin gabatarwa shi ne ta sanar da mai karatu inda marubuci ya tsaya, kuma duk wadda ba ta yi haka ba ta gaza, komai daɗin Hausarta. A ce an nemi ra'ayinka a kan shiga aji da wayar hannu. Wani zai cinye rabin shafi yana ba da tarihin waya. Wani kuwa zai ce: "Malami yana bayani a gaban allo, rabin ɗalibai idanunsu na ƙarƙashin tebur. Waya tana da amfani wajen bincike, amma ya kamata a hana shiga aji da ita, domin tana raba hankali, tana kuma sauƙaƙa satar amsa." A jimla biyu kacal ya ja hankali, ya amsa cewa ɗaya ɓangaren na da hujja, ya faɗi matsayarsa, ya kuma nuna dalilai biyun da gundarin rubutun zai warware ɗaya bayan ɗaya.

Na ga masu cewa bai kamata a tona komai tun farko ba, wai don a bar mai karatu cikin ɗoki. Insha'i ba tatsuniya ba ce da za a ɓoye ƙarshenta. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce Aristotal, masanin falsafa na ƙasar Girka, ya nuna cewa ginshiƙan jawabi biyu ne, wato ka faɗi batunka, sannan ka kafa masa hujja. Masu cewa salo ne kuma, salon da ke sa alƙali hamma ba abin karewa ba ne.

Tsakani da Allah, ina jin tausayin yaran da suka shiga gasar, domin da yawansu suna da abin faɗa, sai dai sun binne shi a shafi na biyu. Da sun bar gabatarwar sai sun gama rubuta sauran, sannan suka taƙaita ta zuwa kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun, da matsayar ta fito da kanta.

Su kuwa malaman da ke ba ɗalibai gabatarwa guda su haddace, su liƙa ta a kan kowane batu aka ba su a jarrabawa, nasu bayanin yana nan tafe.