Wanda ya kalli Dune a Sakkwato, me zai karanta bayansa?

Mutumin da ya tashi a Sakkwato ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan Dune, fim ɗin ƙirƙira kan wata duniyar hamada a sararin samaniya. Turawan da ke cika silima a nan Ingila suna mamakin duniyar da ruwa ya fi dukiya daraja, mu kuwa mun san zafin Afrilu, mun san yadda kuɗin jarka ke tashi a hannun 'yan garuwa in famfo ya ɗauke a Mabera ko Arkilla. Kashi na biyu na fim ɗin, wanda Denis Villeneuve ya fitar a 2024, an ɗauki yawancin hamadarsa a Jodan da Abu Dhabi, amma ƙurar da rawanin da ke rufe fuska duk na gida ne a idona.

Abin da ya bambanta mu da su shi ne abin da ke biyo bayan kallo. A nan, fim ƙofa ce. Mutum ya fito silima sai ya wuce laburaren unguwa, katin kyauta ne, ya ari littafin da aka ɗauko fim ɗin daga cikinsa, wanda Frank Herbert ya fitar a 1965, ko ya sauke na saurare a wayarsa. A gida kuwa yaro zai je wurin masu turi, a zuba masa fassarar Hausa a waya, a kalla a majalisa, a yi gardamar wa ya fi wa jarunta, shi ke nan an wuce zuwa na gaba. Ban raina wannan gardama ba, ita ta koya mini son labari. Takaicina shi ne mu ne muka fi kowa abin faɗa a kan irin wannan fim, kuma mu ne muke saurin barinsa.

Dubi zuciyar labarin: talakawan hamada da aka danne, suna jiran mai ceto, sai wani ya zo ya hau kan wannan jiran. Herbert gargaɗi yake yi game da bin jagora ido rufe, kuma littafin ya fi fim ɗin fito da hakan. Bature zai karanta shi a matsayin ƙirƙira. Mu kuwa Satiru na nan kusa da birni, inda a 1906 talakawa da bayi suka tashi da sunan Mahadi, suka kashe jami'an Turawa, daga baya aka shafe garin baki ɗaya. Ɗalibin tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ya karanta Dune zai ga abin da mai sharhi a Landan ba zai taɓa gani ba.

Saboda haka in ƙanena ya tambaye ni abin da zai bi da shi, ba zan fara tura shi wurin marubutan Amurka ba. Zan ce ya nemi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata. Ɗan ƙaramin littafi ne, labarin yaro Kilba da aka ɗauka zuwa sararin samaniya, da Hausa tsantsa. Da yawa cikin samarinmu ba su ma san an taɓa rubuta irinsa da harshensu ba, kuma wannan rashin sani ya fi rashin kuɗin littafi yi mini ciwo.

Daga nan sai Noor na Nnedi Okorafor, na 2021. Wannan ne na fi so a karanta a Sakkwato. Arewacin Nijeriya ne a nan gaba: wata mata mai sassan jiki na inji ta gudo daga fitina, ta haɗu da makiyayi Bafulatani da shanunsa, ga guguwar rairayi da ba ta lafawa, ga wani katafaren kamfani da ke tatsar iska da rana yana sayarwa. Akwai wuraren da za ka ji marubuciyar daga waje take leƙo mu, ba ta zauna a ruga ba. Duk da haka ta sa makiyayi a tsakiyar labarin gobe a matsayin mutum mai daraja, a lokacin da labarai ba sa ambatonsa sai da bindiga. Wanda ke da dangi a Gada ko Illela, inda hamada ke cin gona, zai karanta shi da wata irin zuciya.

Na kallo ba su da wuyar samu. The Expanse, fim mai dogon zango da aka fara a 2015, rigimar ruwa da iska ce tsakanin masu mulki da leburorin sararin samaniya. Iwájú na 2024 kuwa Legas ce ta gobe a zanen katun, za a iya kallo da yara.

A ɓangaren saurare ne nake ganin mun fi Turawa gado. Suna da shirye-shirye irin Imaginary Worlds, inda ake warware yadda ake gina irin waɗannan duniyoyi, kuma yana da daɗi ga mai jin Turanci. Amma mu mutanen rediyo ne tun kakanni, tela da direba da mai shayi duk kunnensu na aiki hannu na aiki. Yau ma dubban mutane na sauraren littattafan yaƙi irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini ana karantawa a YouTube. Masu sauraro suna nan, murya ma akwai. Abin da nake roƙo shi ne matasa biyu ko uku a Sakkwato su zauna da waya ɗaya, su ɗauki rabin awa suna tattauna Dune da Satiru da Sakkwatanci, ba tare da sun gyara harshe ya koma na Kano ba, su tura a WhatsApp. Ni daga nan zan saurara, zan kuma biya kuɗin datar.