Hoton da ke bangon Mama

To, tunda ɗan'uwan nan nawa fasto da kansa ya kai maganar shafinsa yana alfahari wai an kori gumaka daga gida, ni ma a nan zan amsa. Abin da yaron nan ya yi wa Mama ranar Lahadi rashin kunya ne, kuma babu ayar da za ta wanke shi. Ka zo dubiya, tsohuwa kwananta uku da fitowa daga asibiti, ka taka kujera ka sauke hoton Yesu da ke bangonta tun kafin a yi wa uwarka baiko, wai hawan jinin ba zai sauka ba sai an fitar da gunki. Gilashi ya tarwatse a ƙasa. Mama ba ta ce masa ƙala ba, sai cewa ta yi a kawo tsintsiya kada yara su taka. Wannan "a kawo tsintsiya" ɗin ce ta hana ni barci kwana biyu.

Masu turo mini saƙo cewa in yi haƙuri ɗan'uwa ne, na gani. Ɗan ƙanwar Mama ne, da bayana na goya shi. Ai shi ya sa abin ya fi ciwo.

Hoto ba ya zama gunki sai an bauta masa. Ku rubuta ku ajiye, don zan yi ta maimaitawa har ku gaji.

Littafin Fitowa sura 20 a Littafi Mai Tsarki ce kaɗai makamin da yake yawo da shi, aya ta 4: kada ka yi wa kanka gunki ko wata siffa. Madalla. Ƙarasa mana zuwa aya ta 5, Fasto, inda aka ce kada ka rusuna musu, kada ka bauta musu. Sannan ka buɗa gaba kaɗan, sura ta 25, ka ga Allah ɗin nan dai yana umartar Musa ya ƙera kerubobi biyu, wato siffofin mala'iku, na zinariya a kan murfin akwatin alkawari, fikafikansu a buɗe, har ya ce a tsakaninsu zai riƙa magana da shi. Ko dai Allah ya manta da abin da ya faɗa surori biyar baya ne, sai kai ka zo tuna masa? Haikalin Sulemanu fa? Kerubobi a bango, itatuwan dabino, furanni, ga bijimai goma sha biyu na tagulla ɗauke da babbar kwatarniyar ruwa. Da kana raye a lokacin, da tsani za ka nema.

Labarin macijin tagulla ma ya isa ya kashe gardamar. A Littafin Ƙidaya sura 21, macizai na saran jama'a, Allah ya ce wa Musa ya yi siffar maciji ya ɗora a kan sanda, duk wanda aka sara ya dube shi ya rayu. Aka yi shekaru ɗaruruwa, sai Sarki Hezekiya ya farfasa macijin nan, 2 Sarakuna 18:4, don Isra'ilawa sun koma ƙona masa turare. Tagullar ita ce dai, siffar ita ce dai. A zamanin Musa biyayya ce, a zamanin Hezekiya ta zama bautar gumaka. Me ya canja? Zuciyar masu kallo. Yesu da bakinsa ya kwatanta ɗaga shi da za a yi a kan gicciye da macijin nan, a Yahaya sura 3. Na san wani zai yi tsalle ya ce ai ku ma kuna kunna kyandir a gaban hoto. Je ka tambayi Mama wa take roƙo in ta durƙusa, takardar ko Mai Sama. Amsarta za ta ishe ka.

Kuma abin dariyar, shi gani yake shi ya gano wannan magana a makarantar fastoci ta wata shida. Ƙaramin sani ƙuƙumi. An yi wannan faɗan an gama tun babu ko ɗaya daga cikin majami'unmu. Wajen shekara ta 726 Sarki Leo na uku na Rumawan Gabas ya fara yaƙi da hotuna, aka farfasa, aka kori masu kāre su. Wanda ya fi kowa ba shi amsa shi ne Yahaya na Dimashƙu, wanda yake zaune a ƙarƙashin mulkin Musulmi na Banu Umayya, inda hannun sarkin Kirista bai kai ba. Hujjarsa mai sauƙi ce: da can Allah ba shi da jiki, ba a iya zana shi, amma tun da Kalma, wato Yesu, ya zama mutum, aka gan shi, aka taɓa shi, to ana iya zana abin da ido ya gani. A shekara ta 787 majalisar bishop-bishop ta zauna a Nikiya, cikin Turkiyya ta yau, ta raba girmamawa da sujada, ta ce sujada ta Allah ce shi kaɗai. Rikicin ya sake tashi, sai a 843 aka rufe shi. Ko Martin Luther, jagoran Furotesta, da ya ji mabiyansa sun hau farfasa siffofi a Wittenberg a 1522, fitowa ya yi daga maɓoyarsa ya tsawata musu.

Eh, wasu jagororin Furotesta irin su Calvin da Zwingli sun ƙi hotuna, kuma ina da abokai 'yan ECWA da Baptis waɗanda bangon majami'arsu fes yake. Ban taɓa faɗa da su ba. Ra'ayinsu ne, sun karanta sun tsaya a kai, kuma ko ɗayansu bai taɓa taka kujerar Mama ba. Ni kaina zanen Allah Uba a matsayin tsoho mai farin gemu, irin wanda mai zane Michelangelo ya yi a rufin wata majami'a ta Vatican, bai kwanta mini ba, tunda Yahaya 1:18 ta ce ba wanda ya taɓa ganin Allah. Ikilisiyar Rasha ma ta hana irinsa a taronta na 1667. Amma wanda aka sauke ranar Lahadi hoton Yesu ne, wanda ya ce wa Filibus duk wanda ya gan shi ya ga Uban.

Maganar da ake yi wai Katolika sun goge doka ta biyu cikin Dokoki Goma, wadda ta hana gumaka, kuwa, ko amsa ba na son yi. Ƙirgar dokokin ce ta bambanta tun zamanin Augustine, malamin Kirista na dā, 'yan Lutheran na Numan ma haka suke ƙirgawa. Ayar tana nan daram cikin Littafi Mai Tsarki na kowa.

Yanzu bari mu leƙa gidan mai korar gumaka. Fuskarsa tana kan allon bakin titi, ta fi ƙofar shago girma. Tana kan kalanda, tana kan sitika da mambobi ke mannawa a keke napep don tsari daga hatsari. Ga mai a kwalba, ga hankici da ake sa wa mara lafiya ƙarƙashin matashi. Bara da idona na gan shi yana haska fim ɗin Yesu na 1979 a filin ƙwallo, mata na kuka da ganin wani ɗan wasan Ingila a kan gicciye. Ashe in hoton yana motsi halal ne, in ya tsaya cik a bango sai ya zama gunki. Laifi tudu ne. Kolosiyawa 3:5 ta kira kwaɗayi bautar gumaka ƙarara, amma wannan ayar ban taɓa jin an hau kujera saboda ita ba.

Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne, duk danginmu babu wanda ya san gunki kamar Mama. A gidan tsafi aka haife ta. Ta ga kakanta yana yanka jan zakara a kan tukunya a gindin tsamiya, ta san warin jinin, ta san tsoron da ake kwana da shi. Ta bar wannan tana budurwa, ta sha duka a kai, aka yi shekaru ba a gaisawa da ita. Ba ta yi boko ba, ba ta iya karanta ko aya ɗaya, abin da katekis ya koya mata shi ta riƙe, sai hoton nan da marigayi Baba ya sayo mata. Fafaroma Gregory ya faɗa tun wajen shekara ta 600 cewa zane shi ne littafin wanda bai iya karatu ba. Kusa da hoton Yesun akwai hoton Baba da babbar riga, duk Asabar sai ta goge su biyun da tsumma ɗaya, wani lokaci har ta yi wa na Baba magana. Ban ji wanda ya ce tana bauta wa Baba ba. Wannan matar ce yaron da aka haifa jiya zai koya wa mene ne gunki.

Hoto ba ya zama gunki sai an bauta masa, kuma Mama ba ta taɓa bauta wa takarda ba.

Jiya na shiga kasuwa neman wani hoton, tunda gilashin ya yage fuskar na dā. Duk shagon da na shiga Yesun nasu Bature ne, gashi kamar siliki, ido shuɗi, kai ka ce bai taɓa shiga ranar Galili ba. Habashawa shekaru aru-aru suna zana shi da kamanninsu, da manyan idanu da launin fatarsu, mu kuwa har yau sai wanda aka bugo daga waje. Akwai mai zane a Jos ko Kaduna da zai iya yi mini irin na Habasha? Wanda ba zai tsuga kuɗi ba don Allah, maganin hawan jini ya riga ya cinye albashin wannan watan.