Allura kaɗai ba ta isar ragon da ya sha wuya a hanya

A shekarar 2020 Saudiyya ta yi ta mayar da jiragen ruwa maƙare da tumakin Sudan daga Jidda zuwa Sawakin, tashar jiragen ruwa ta Sudan, bisa hujjar cewa garkuwar jikinsu daga zazzaɓin Rift Valley, cutar da sauro ke yaɗawa tsakanin dabbobi, ba ta kai yadda ake buƙata ba. Bakin kowa a kan allurar rigakafi ya tsaya: ko ta lalace, ko ba a adana ta cikin sanyi ba. Zargin yana da tushe, amma a ganina rabin zancen ke nan.

A dubi ragon da aka saya a kasuwar Alkhuwai ta yankin Kordofan a Sudan. An raba shi da garkensu, an gwamutsa shi da baƙin tumaki, an cusa shi a babbar mota inda ko kwanciya ba zai iya ba, ga rana, ga ƙishirwa, ga zarnin fitsari yana ƙona masa hanci har bakin Bahar Maliya. A irin wannan hali wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda suna ta zuba sinadarin kotisol cikin jini. Na ɗan lokaci sinadarin taimako ne, amma idan abin ya ɗauki kwanaki sai ya danne fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta. Daga nan ƙwayoyin cutar da suka daɗe zaune a hancin dabbar ba tare da sun yi mata komai ba sai su gangara huhu, a wayi gari rago yana tari, majina na zuba, ya ƙi cin harawa.

Allura kuwa ba garkuwa ce da ake ɗura wa dabba ba. Jikin ne yake haɗa tasa, kuma yakan ɗauki mako biyu zuwa uku. Jikin da yunwa da gajiya suka rarake ba zai yi wannan aiki yadda ya kamata ba.

Haɗamar lodi ita ce babbar matsala. Jirgin da ya nutse a Sawakin a watan Yunin 2022 yana ɗauke da tumaki fiye da 15,000, alhali ƙarfinsa kimanin 9,000 ne, kuma irin wannan lissafi ake yi a motoci, sai dai su ba sa shiga labarai. ’Yan uwanmu fatake da dillalai na Gadarif da Fot Sudan ba su da iko da ingancin allura, amma rage lodi, tafiyar dare lokacin zafi, tsayawa a shayar da dabbobi, da barin su su huta kafin a yi musu allura, duk a hannunsu suke, kuma kuɗinsu bai kai asarar jirgi guda da aka juyo da shi daga Jidda ba.