Kafin a sake taɓa albashinmu da sunan inshorar lafiya

'Yan'uwana ma'aikatan gwamnati, musamman shugabanninmu na ƙungiyar ƙwadago, maganata da ku ce.

Ni ban ƙi a gyara kuɗin inshorar lafiya ba. Shekara da shekaru naira 750 kacal aka riƙa bai wa asibiti a wata kan kowane mutum mai rajista, kuɗin da yau ba zai sayi maganin zazzaɓin cizon sauro na kirki ba. Da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta ɗaga abin da ake biyan asibitoci a 2024, ta sake ɗagawa a 2025, daidai ta yi. Mu ma a jihohin da ake cire wa ma'aikaci kaso daga albashi, da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, abin da ake yanka ya haura da kansa, ba wanda ya tambaye mu.

To ina kulawar da ta ƙaru?

Ƙa'ida ta ce ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 za a duba su, ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai. Amma je ka tsaya a tagar ba da magani ka gani. Malamin firamare ya miƙa takardar likita, a ba shi farasitamol, sauran a ja masu layi da biro a ce babu. Ya fita bakin ƙofa, mai kyamis ya karɓe masa kuɗin cefanen sati, ga yaro a kafaɗa jiki zafi rau. Wannan bawan Allah sau biyu ya biya, an cira tun kafin alat ya shigo, ya kuma zaro daga aljihu. Wallahi abin yana ci mini rai. Mai mata biyu da yara takwas kuwa, sauran iyalin sai ya ƙara kuɗi daban.

Wa zai mayar masa da kuɗinsa? Yawancinmu ba mu ma san ana adana rasit a kai ƙorafi ba. Akwai kuma waɗanda ake yanka wa wata da watanni sunansu bai fito a asibitin da suka zaɓa ba. Kuɗin waɗannan watanni haƙƙinsu ne.

Tun 2005 aka fara tsarin nan, dokar 2022 kuma ta mayar da shi dole. Tunda dole ne, shugabanni, kada ku sa hannu kan wani sabon ƙari sai an rubuta a yarjejeniya cewa duk wanda aka ce wa babu magani, ya kawo rasit a biya shi cikin wata guda. Ku ajiye mutum a sakatariya mai karɓar rasit ɗin yana bin sawu, ku riƙa karanta mana a taro nawa aka karɓo. Kuɗin ƙungiya ma daga albashin nan kuke cira duk wata, ku yi mana wannan aiki da shi.